Kwana uku a Legas daga Katsina: yadda za ka tsara tafiyar, inda za ka je, da abin da za ka ci

Tun da na kai kawuna da iyalina Legas suka ga teku da idonsu, ban huta da tambaya ba. A waya, a majalisa, har a ƙofar masallaci bayan Isha'i, maganar ɗaya ce: ta ina ake farawa, a ina ake sauka, kuma me mutum zai ci a can hankalinsa kwance? Na daɗe ina zuwa garin saboda harkar yadi, amma sai da na ja mutum shida, ciki har da dattijo da yara biyu, na gane zuwa sarin kaya daban, zuwa buɗe ido daban. Ga tsarin da na bi, haɗe da gyaran da zan yi in Allah ya sa zan koma da su.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Abin kallo ba ya yi wa baƙo wuya a Legas, hanya ce ke cinye shi. Mu da muka saba fita daga Ƙofar Ƙaura mu isa Ƙofar Marusa cikin 'yan mintuna, da nisa muke auna tafiya. Su a can da lokaci suke aunawa. Ruwa ya raba garin, gadoji suka haɗa shi, don haka kowace rana ka ba ta ɓangare guda, kada ka yi ta kai-kawo a kan gada.

1. Zaɓi wata, ka tsayar da ranaku

Daminar Legas tana kankama tun Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Ruwansu ba irin namu ba ne da zai zuba ya ɗauke. Yana iya yini, titunan Lekki da Victoria Island su cika, jirgin ruwa ma ya zama abin tsoro. Nuwamba, ko Janairu zuwa Maris, su ne suka fi dacewa.

Ranakun da nake ba da shawara: ka sauka Alhamis da yamma, ka tashi Litinin da safe. Juma'a ta tsakiyar gari ce, lokacin da kasuwa ke ci. Asabar ta teku ce. Lahadi kuwa ta tafiya mai nisa ce, domin ranar ce tituna ke sarari. Akwai wani sauƙi kuma: cikakkun kwana uku ne ka yi niyyar zama, ba su kai huɗun da ke yanke hukuncin matafiyi a mazhabar Malikiyya ba, don haka kana da damar ƙasaru. Ka tuna Legas tana yamma da mu, rana tana yin tsaka a can bayan ta Katsina da kusan minti 17, sai ka bi kiran sallar garin, ba agogon da ka saba ba.

Hattara: ka guji tsakiyar Disamba zuwa farkon Janairu. 'Yan ƙasar waje suna dawowa hutu, kuɗin otal da na jirgi su yi tashin gwauron zabo, bakin teku ya cika da kiɗa.

2. Hanyar zuwa

In da hali, ka hau jirgi daga Kano. Daga Katsina kilomita kusan 170 ne zuwa Kano, mutanen Daura kuma sai su bi ta Kazaure. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Murtala Muhammed da ke Ikeja, awa ɗaya da rabi ne a sama. Ka sayi tikitin zuwa da dawowa tare, mako biyu ko uku kafin ranar, domin kullum tafiyar ta matso kuɗin ƙaruwa yake. Ka je da katin shaida mai hoto, sunan da ke jiki ya zama shi ne a tikitin.

Mota ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, amma tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Ko ka bi ta Mokwa, Jebba, Ilori da Badun, ko ka zaga ta Abuja da Lakwaja, ba ka rasa awa 18, sau da yawa ma fiye. Ga mai ziyarar kwana uku, wannan yana nufin ƙarin kwana biyu a hanya da kwana guda na sauke gajiya. Saurayi shi kaɗai zai iya. Da dattijo ko mace mai goyo, ban ga dalili ba, gara a jinkirta tafiyar har kuɗin jirgi su haɗu.

Hattara: tashoshin jiragen cikin gida biyu ne a Ikeja, akwai MMA2 akwai tsohuwar tasha, ta ƙasa da ƙasa kuma tana can gefe daban. Ka duba wacce aka rubuta a tikitinka, ka faɗa wa mai ɗaukarka, ka kuma riƙe ta don ranar komawa.

3. Masauki

Gadoji uku ne suka haɗa babban yankin gari da tsibiri: Carter, Eko, da Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990. Da safe duk duniya tsibiri take nufa wajen aiki, da yamma ta juyo. Yawancin abin da za ka kalla yana tsibirin, saboda haka wanda ya kwana a Ikeja ko Agege zai shiga gosulon safe, ya kuma shiga na yamma.

In aljihu zai ɗauka, ka sauka a Victoria Island, Ikoyi ko farkon Lekki. In ba zai ɗauka ba, Yaba da Surulere su ne tsaka-tsaki, kusa da bakin gada suke, ɗakunansu kuma sun fi araha. Kowa yana da ɗan uwa a Agege, Idi-Araba ko Mile 12, kuma zai ce lallai a wajensa za ka sauka. Ka je ka gaishe shi, zumunci ya fi ƙarfin komai, amma ka yi lissafin awannin da kwana a can zai ci maka, ka kuma tuna ɗakunan Legas ƙanana ne, mutum shida nauyi ne a kan mai gida ko bai faɗa ba.

Kafin ka biya, ka tambayi abu huɗu: ƙarfe nawa ake kashe janareta, akwai ruwa a famfo, kuɗin ya haɗa da karin kumallo, sannan akwai mashaya ko gidan rawa a ginin? Wannan ta ƙarshen ita ce ta cuce mu a daren farko. Ɗaki tsaf, gado lafiya, amma kiɗa ya tashi a ƙasanmu tun ƙarfe 11 har kiran assalatu, Kawu bai rintsa ba. Da gari ya waye muka sauya wuri, kuɗin dare ɗaya ya tafi.

Hattara: kada ka tura kuɗin ɗaki gaba ɗaya ga wanda ka gani a Facebook ko Instagram. Ka biya na dare ɗaya bayan ka ga ɗakin, ko ka sa wanda ka yarda da shi ya je ya gani.

4. Kuɗi da kayan tafiya

Farashi yana sauyawa kusan kowane wata, don haka kason da nake bi zan ba ka. Bayan ka cire kuɗin jirgi, rabin abin da ya rage na masauki ne, kashi ɗaya cikin huɗu na mota da jirgin ruwa, sauran na abinci da kuɗin shiga wurare. Sannan ka ɗora kashi ɗaya cikin biyar na jimlar, ka ɓoye shi daban. Kuɗin tsaraba kada ya shiga wannan lissafin ko kaɗan, in ya shiga shi zai cinye sauran.

Tiransifa da POS suna aiki kusan ko'ina, amma ka riƙe ƙananan kuɗi a hannu saboda 'yan dako, masu ruwa da masu tsaron takalmi. Ka raba kati da tsabar kuɗi aljihu biyu.

Zafin Legas na gumi ne. Shaddar da ta sha sitati za ta yi laushi kafin azahar, wankin da ka shanya da dare ba zai bushe ba. Ka ɗauki yadi marar nauyi, babbar riga guda ta Juma'a in kana so, takalmi rufaffe na tafiya, silifa na bakin ruwa, maganin sauro na shafawa, ƙaramar darduma da fawa-bank. Mata su zo da hijabi marar kauri, su kuma sa dogon wando a ciki saboda hawa jirgin ruwa da iskar teku.

5. Zirga-zirga a cikin gari

Tun kana Katsina ka sauke Bolt ko Uber a waya ka gwada buɗe su. Su ne mafi sauƙi ga baƙo: ka ga kuɗin kafin ka shiga, ka ga lambar motar. Ka tabbata lambar da ke waya ita ce a jikin motar. Kuɗin yana hawa in ana ruwa ko lokacin tashi daga aiki, wani lokacin jiran rabin awa kan sauko da shi. In kun kai biyar ko shida, ɗaukar shatar mota ta yini ya fi, musamman ranar Lahadi. Ku yi magana ta ƙare tun farko: mai a kan wa, ƙarfe nawa za a tashi, nawa ne in an wuce lokaci.

Motocin BRT, wato manyan bas na haya masu layinsu daban a titi, da jirgin ƙasa na cikin gari da katin Cowry ake hawansu, ana sayensa a tashoshinsu a zuba masa kuɗi. Jirgin Blue Line, wanda ya fara ɗaukar fasinja a Satumban 2023, yana tashi daga Marina zuwa Mile 2, ya bi ta saman ruwa, ya wuce ta gefen babban gidan wasan ƙasa na Iganmu da aka yi FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a cikinsa a 1977. Yara sun ji daɗinsa ƙwarai, kuɗinsa kuma kaɗan ne.

Danfo, wato ƙananan bas masu launin rawaya, ba na ba baƙo mai iyali shawarar su. In ta kama dole, ka shiga a tasha, in za ka sauka ka ce "o wa".

Hattara: kada ka tsayar da mota a bakin titi da asuba ko da dare don ka ga mutane a ciki. Haka 'yan wan-cans, masu yi wa fasinja fashi a cikin mota, ke yi, fasinjojin duk nasu ne. An kuma hana acaba a Ikeja, Surulere, Apapa, tsibirin Legas da yankin Eti-Osa tun 2022, kuma dokar tana hawa kan fasinja ma. Ko ɗan garinku ne ya tsaya ya ce "hau mu je, Yallaɓai", ka yi masa godiya ka wuce. Lambobin neman agaji su ne 112 da 767.

6. Abinci: me za ka ci, a ina

Nan ne mutanenmu suka fi yin asara. Mutum ya keto ƙasa tun daga Daura, ya yi kwana uku yana cin shayi da indomi a wajen ɗan uwansa mai tebur, ya koma bai san ɗanɗanon garin ba. Alhali yawancin abincin Yarbawa danginsa na tukunyarmu.

Ka fara da buka, wato gidan abinci na gargajiya, tsakanin ƙarfe 12 da 2, lokacin da tuwo ke fitowa da zafinsa. Ka zaɓi wadda ka ga layi. Ka nemi amala, tuwon garin busasshiyar doya ne, baƙi-baƙi, mai santsi. Miyarsa uku ake haɗawa a kwano ɗaya: ewedu, wadda lalo ce, da gbegiri, miyar wake, da jar miya a sama. Daddawar da suke kira iru ta kalwa ce irin tamu, sai dai ba a daka ta. A buka da malmala ake lissafin tuwo, nama kuma da yanka, don haka ka faɗi adadin da kake so, ka tambayi kuɗin kowane yanka kafin a zuba. In an ce ponmo, ganda ce. Shaki tumbi ne.

Da safe ka nemi ewa agoyin da burodin Agege: wake ne da ya dahu ya dame, a zuba masa soyayyen barkono da albasa cikin manja har ya yi duhu. Wanda cikinsa ba ya son nauyi ya sha ogi da akara, kokonmu da ƙosanmu ne. Da la'asar akwai boli, gasasshiyar agada da gyaɗa. Shinkafar ofada ma ta cancanci gwaji, amma miyarta yaji ne zalla.

Kifi kuwa shi ne dalilin zuwa bakin teku. Tarwaɗa muna da ita a gida, kada ka ɓata cikinka a kanta. Ka nemi kifin teku, musamman wanda suke kira kuroka, a gasa maka shi ɗungurungum, ka haɗa da jatan lande da ƙaguwa in ranka ya karɓa. A Malikiyya abin da ke rayuwa a teku halal ne. Ka nuna kifin da hannunka, ka duba idonsa garau ne, a faɗi kuɗinsa, sannan a ɗora a wuta. Kifi babba guda ya ishi mutum uku.

Maganar nama: babbar mayankar garin tana Oko-Oba a Agege, mahautanta da yawa Musulmi ne, Hausawa da Yarbawa, kuma masu buka da dama Alhaja ne. Duk da haka ka tambaya, ba abin kunya ba ne. Ka nisanci duk abin da aka ce naman daji ne. A gidajen abincin Sinawa da na Turawa ka tambaya ko akwai alade a kicin, ko ana sa giya a miya. In kewar gida ta taso, Obalende da dare akwai tsire, balangu, masa da shayi, da Hausa za ka yi ciniki.

Hattara: yajin Legas ya fi namu, kuma a cikin miya yake, ba a gefe ba. Ga yara da mai gyambon ciki, ka ce a zuba ewedu da gbegiri kawai, jar miyar a kawo ta daban. Ruwa kuma na gora, wanda ka buɗe da hannunka.

Hattara ta biyu: a manyan gidajen abinci, kuɗin da ke takarda ba shi ne na ƙarshe ba. Ana ɗora harajin VAT kashi 7.5 cikin ɗari da na jihar Legas kashi 5. Abincin naira 10,000 zai koma 11,250, wasu kuma su ƙara kuɗin hidima.

7. Juma'a: tsibirin Legas

Da sanyin safiya ake kama fara. In a Yaba ko Surulere ka kwana, ka tsallaka gada kafin ƙarfe 6 da rabi, ka karya a can.

Fara da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Akwai kayan Nok, na Ife da na Bini, amma abin da zai tsayar da kai shi ne baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, da hudojin harsashi a jikinta. Kawu ya daɗe tsaye a gabanta bai ce uffan ba. Da muka fito ya ce mini, "Yaro, ina saurayi muka ji labarin nan a rediyo, yau ga shi na ga motar." Ka ba wurin awa ɗaya da rabi, ka ɗauki mai yi muku bayani, ka tambaya kafin ka ɗaga waya don hoto.

Daga nan da ƙafa za ka isa dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin samun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960. Minti 20 ya isa. Freedom Park da ke titin Broad tsohon kurkukun Turawa ne da aka mayar wurin shaƙatawa a 2010, yana da inuwa da wurin zama, da rana ya fi dacewa da iyali.

Ƙarfe 12 ka nufi babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, mai hasumiya huɗu, a tsakiyar kasuwa. Ka je da alwalarka da ledar takalmi. Masallacin Shitta-Bey na 1894 yana kusa, a titin Martins, ƙarami ne, ginin salon Barazil, ya isa a leƙa.

Bayan an sauko, ka ci amala, sannan ka shiga Balogun. Ba kasuwa ce mai katanga da ƙofa ba, tituna ne da benaye cike da leshi, atamfa, takalma da jakunkuna. Ka gaida mai shago da "Mama" ko "Alhaja", ka ce "elo ni" in kana tambayar kuɗi, "e she" in za ka gode. Za a kira ka Aboki ko Malam, yawanci ba da wata manufa ba. Ka fita kafin ƙarfe 4.

Hattara: samarin da ke tare ka suna cewa za su kai ka shago mai araha, kamashonsu a cikin kuɗinka yake. Jaka a gaba, waya a aljihun gaba, yaro a hannu. Dattijo kuma gara ya zauna a masallaci ya jira.

8. Asabar: teku da Lekki

Duk dattijon da ya san Ikko a da, Bar Beach zai ce a kai shi. Haka Kawu ya ce. Sai da na zaunar da shi na ce, "Kawu, wurin nan babu shi yanzu, an cike shi da yashi ana gina sabuwar unguwa, Eko Atlantic." Bai ji daɗi ba, amma Tarkwa Bay ta wanke masa rai.

Tarkwa Bay sai ta ruwa ake zuwa. Ana hawa jirgi a Marina ko a tashar Five Cowries da ke Falomo, tafiyar minti 15 zuwa 20 ce. Katangar duwatsun mashigar jiragen ruwa ta kare wurin, shi ya sa igiyar ruwansa ta fi ta sauran laushi, kana zaune kuma manyan jiragen dakon kaya masu shiga Apapa suna wucewa ta gabanka. Ka isa tasha ƙarfe 8. Da safe wurin shiru ne, masunta da 'yan tsirarun mutane. Daga azahar matasa ke cika shi da kiɗa da shigar da ba za ka so zama a cikinta da iyali ba. Wannan ne ya sa na sa teku a gaba, kuma shi ya sa ban kawo wuraren da suka yi suna da shagalin dare ba.

Tun a tasha ka tambaya kuɗin na zuwa da dawowa ne ko na zuwa kaɗai, ka karɓi lambar matuƙin. A can akwai kuɗin shiga, akwai na rumfa da kujera, kowanne a yi ciniki kafin a zauna.

Hattara: rigar kariya dole ce ga kowa, a ɗaure ta, ba a rataya ba. Jirgin da ya cika maƙil ko babu rigar yara, ku jira na gaba. Teku kuma ba dam ɗin Jibiya ba ne. Ruwan da ya tsaya maka a gwiwa yana iya janye yashin ƙarƙashin ƙafarka. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya iya idon sawu, kada a juya wa ruwa baya don hoto, kada a saki hannun yaro.

Ku dawo ƙarfe 11 da rabi, ku ci kifi, ku yi salla, ku kama hanyar Lekki Conservation Centre. Daji ne mai faɗin hekta 78 da aka keɓe tun 1990, da hanyar katako a kan fadama, birai suna yawo sake. Abin da ya yi suna da shi gadar igiya ce mai tsawon mita 401 a saman bishiyoyi. Tana lilo, kuma in ka hau babu juyawa sai ka kai hasumiya ta gaba. Kuɗin shiga daban, na gadar daban. Ba a barin ƙananan yara su hau, mai jiri ko hawan jini shi ma ya haƙura, yawon ƙasa kaɗai ya isa. Kada ka riƙe abinci ko lemo a fili, birai za su fizge.

A hanyar dawowa ka zaɓi ɗaya: Nike Art Gallery, bene mai cike da zane-zane da adire, wato rinannen yadin Yarbawa, ko kasuwar kayan hannu ta Jakande, inda za ka tarar da 'yan Arewa da yawa suna sayar da kayan fata da duwatsun ado. Biyun ba za su samu ba, titin Lekki yana cushewa da yammacin Asabar saboda bukukuwa.

9. Lahadi: Badagry

Badagry tana yamma, kusa da iyakar Seme, ta babban titin da ya tashi daga Mile 2. Ku fita bayan sallar asuba da motar shata, kowa da katin shaidarsa saboda shingayen jami'an tsaro.

Tsohuwar tashar cinikin bayi ce. A ƙananan gidajen tarihinta za a nuna muku sarƙoƙi da mari na gaske, har a ba ka ka ɗaga ka ji nauyinsu. Sannan ku tsallaka da kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, ku taka cikin yashi har bakin teku, inda ake loda mutane a jirgi. Wurin suna kiransa inda ba a dawowa. Cikin waɗanda aka kwashe daga gaɓar nan ta yamma zuwa Bahiya ta Barazil har da Hausawa, ka faɗa wa yaranka wannan tun kuna hanya. Babu inuwa a tafiyar, ku yi ta kafin ƙarfe 11, da ruwa da hula.

Za a kuma kai ku gidan mishan na 1845 da suke kira bene na farko a Najeriya. Ka kalla, gini ne mai tarihi, amma Bakatsine ya san hasumiyar Gobarau ta girme shi da ɗaruruwan shekaru. Maganarsu ta tsaya a kan ginin Turawa.

Kowane gida da kuɗin shigarsa, kwale-kwale da nasa, mai bayani da nasa. Ka ɗauki mai bayani ɗaya, ku yanke kuɗin zagayen gaba ɗaya. Ku sha ruwan ɗanyar kwakwa, ita ce arzikin garin, ku juyo kafin ƙarfe 3.

Wanda ya ga Badagry ta yi masa nisa, ya mai da Lahadin ta zumunci, ya je Agege ko Idi-Araba ya gaida 'yan uwa.

10. Tsaraba da komawa

Abin da ke jure hanya shi ne leshi da atamfa, adire, kwakwa, busasshen kifi da busasshen jatan lande na miya. Burodin Agege a saye shi da safen tafiya. Kifin a naɗe shi a takarda, a sa a leda biyu, a ware shi daga tufafi. In kayan sun fi nauyin da tikitinka ya yarda, kada ka kai su filin jirgi a caje ka da kilo. Ka ba ɗan uwanka ya sa maka a motar Kano ko Katsina, ka karɓi rasit da lambar direba.

Daren Lahadi ka biya otal, ka haɗa kaya, ka sake duba tashar da jirginka zai tashi. Safiyar Litinin ita ce mafi cunkoso a mako, kuma ko da yake mai barin tsibiri yana tafiya ne kishiyar gosulon, wajen Oshodi da Ikeja yana iya riƙe shi. Ka bar masauki awa uku kafin lokacin tashi, ka kuma kira direban da zai ɗauke ku a Kano ka faɗa masa ya jira sai ya ji kun shiga jirgi kafin ya taso.